'Yan Ajin Wake

Argungu,
18 ga Oktoba, 1987.

Zuwa ga maigidana Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya aikin kwaleji, yaya zaman kaɗaici a Birnin Kebbi? Inno tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi har ta taka zuwa gidan suna jiya. Ta ce in gaya maka, kai ɗanta Samadunta, ka daina kwana da shayi da burodi a ciki, ba abincin magidanci ba ne.

To, bincikenka ya kankama. Tun ranar da ka tuɓe hularka ka zuba masara da wake a ciki a gaban 'yan aji shida, kowane yaro ya zura hannu ya ɗauki ƙwaya ɗaya, makarantarmu ba ta da wata hira sai ita. Waɗanda suka ɗauki masara suna ajin Malam Tamba, kullum da safe ana kunna musu rikoda su saurari darasin Turanci. Waɗanda suka ɗauki wake suna wurina, daga alli sai allo. Sunan har ya bi su, ko mai ƙosai ta bakin ƙofa 'yan masara da 'yan wake take ce musu. Ka tuna ka ce wa 'yan ajina kowa ya adana wakensa, shi ne tikitinsa ranar da layi ya zo kansu? Wallahi sun ɗauki maganar da gaske, wasu har sun ƙulle shi a bakin zane.

Na fahimci bayaninka sarai. In ba a bar aji ɗaya haka nan ba, babu yadda za a gane ko kaset ne ya yi aiki ko kuwa dama yaran za su iya. Ka kuma ce ka zaɓe ni ne don kowane malami zai ji tausayi ya ari rikodar a ɓoye, ni kuwa ba zan yi ba. Har yau ina juya maganar nan, ban gane ko yabona ka yi ba, ko cewa ka yi ba ni da tausayi.

Kalilunmu ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure don ya ɗauki wake. Na ce masa hannunsa ne ya ɗauko, ya je ya yi fushi da hannun. Iyayen yara ne suka fi ba ni aiki. Na bi su gida-gida na gaya musu abin da ka gaya mini: zango biyu ne kawai, sai ka zo ka auna azuzuwan biyu, daga nan rikoda ta dawo ajinmu har zuwa jarrabawar shiga sakandare. Malam Labbo masunci, uban Laure, yarinyar nan da ta fi kowa lissafi, ya daɗe yana gyaran komarsa bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Ni ban san wanga aiki ba, Malama, amma ke na sani. In kin ce a jira, mu jira." Ka ga dai ni na tsaya maka a wurinsu.

Rikodar tana kwana ƙarƙashin gadona kamar yadda ka ce, ba mai taɓa ta. Ka gaishe mini da Madam Bisi, ka ce muryarta ta fito tas a kaset, har Malam Tamba ya fara gyara nasa Turancin a asirce. Ga busasshen kifi nan da 'yar shinkafa na ba direba. Allah ya ba ka digirin nan mu huta.

Taka har kullum,
Baiwa.

Argungu,
24 ga Janairu, 1988.

Maigidana Malam,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan murar da ka tafi da ita ta sake ka. Mu nan lafiya lau, an gama sussukar shinkafa, yara sun dawo aji da kaushi a hannu.

Na yi abin da ka ce ranar da ka zo. Tunda ka tsaya a ajina ka ji muryar Madam Bisi tana ratso bango, ka ce hakan zai ɓata maka sakamako, hedimasta ya mayar da mu tsohon ɗakin ajiya na bayan filin ƙwallo. Rabin kwanon ya yaye, in rana ta ɗaga sai mu matsa gefe ɗaya kamar awaki. Yanzu kam ko tari ba ma jiyowa daga can, hankalinka ya kwanta. Abin da ban gaya maka ba a lokacin shi ne, yaran nan da kansu suka riƙa yin tsit da safe suna kasa kunne a bango, suna motsa baki. Ranar da muka tashi, Laure ce ta ƙarshen fita.

Malam, bincikenka ya yi, ba sai ka auna ba. 'Yan masara suna gaishe da hedimasta da Turanci, suna yi wa juna tambaya da amsa a bakin rijiya. Nawa kuwa suna nan inda na same su, kuma ba laifinsu ba ne. Kai ka san irin horon gaggawar da aka yi mana lokacin da aka buɗe makarantu ko'ina. Ina iya rubuta Turanci a allo, amma in na buɗe baki ni kaina na san ba haka masu shi suke faɗa ba. Abin da nake da shi nake ba su, kuma bai isa ba.

Malam Labbo ya zo makaranta da ƙafarsa. Ya leƙa ɗakinmu, ya dubi sama ta inda kwano ya yaye, ya ce, "Shin ɗiyanmu ba su da kunnuwa na, ko mi sunka yi anka kawo su nan?" Na sake ba shi haƙuri, na ce saura kaɗan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Ranar Juma'a na dawo daga unguwa na tarar Kalilu ya jawo rikodar, ya lulluɓa da bargo yana saurare, shi da abokansa biyu 'yan wake. Na zane shi, irin dukan da ban taɓa yi masa ba, na kori abokan. Inno ta fito da sandarta ta tsaya a kaina, ta ce, "Wanga wane irin karatu na, da sai an hana ma ɗan mutum ji?" Na shiga ɗaki na yi kukana, na mayar da rikodar inda take.

Zango na biyu zai ƙare kafin zafi ya kankama. Don girman Allah kada ka ƙara ko mako ɗaya a kai. Na san za ka tafi taron masana a kudu ka karanta ƙasidarka, Allah ya sa su tafa maka. In ka dawo ka biyo ta nan da takardun awonka kafin ka kwance jaka.

Matarka mai ƙaunarka,
Baiwa.

Argungu,
24 ga Afrilu, 1988.

Malam,

Ina gaisuwa, yaya ibada, yaya zafi? Allah ya karɓa mana. Inno na gaishe ka, tana tambaya ko hanyar Argungu ce ta ɓace maka.

Na ga 'yar takardar da ka ba direba. Layi biyu: ka dawo lafiya, kada in kunna tukuna. Tun watan jiya ka dawo daga taron nan, tsakaninmu da kai tafiyar da ba ta kai a gaji ba, amma ba ka zo ba, ba ka kuma ce ga dalili ba. Wannan ce takarda ta uku da na aiko.

Zango biyu sun cika har sun wuce. Jarrabawa tana bayan salla kaɗan, bayanta kuma intabiyu, inda za a tsayar da yaro a yi masa tambaya da Turanci baki da baki. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ko yanzu aka ba ni kaset ɗin nan zan yi abin da zan iya, in riƙe su har la'asar duk da azumi. Yaran sun yarda, su ne ma suke tambaya. Kullum da safe sai wani ya ɗaga hannu ya ce Malama, yau ne? Na gaji da cewa gobe.

Kada ka ga kamar ban san abin da ke kanka ba. Na san shekarun da ka yi a mataki ɗaya, ƙannen bayanka suna wuce ka don sun riga ka samun digiri. Na san in na kunna kafin ka auna, wahalarka ta shekara biyu ta bi ruwa. Shi ya sa hannuna yake kaiwa kan rikodar nan ya dawo. Hedimasta ma ya ce in kunna abina, wa zai sani? Na ce ni zan sani. Amma Malam, alkawari biyu ne a wuyana, naka da na iyayen yara, kuma sun fara ja na kowane ta gefensa. Ka zo ka auna, ko ka rubuto kalma ɗaya ka sake ni.

Ina jira,
Baiwa.

Argungu,
17 ga Yuli, 1988.

Malam,

Bayan gaisuwa, da fatan ka dawo daga jami'a lafiya. Mu muna nan da rai. Ruwa ya sauka sosai, gulbi ya fara cika.

Sakamako ya fito. Ajin Malam Tamba kusan duka sun samu makaranta, ana ta guɗa a gidajensu. Nawa waɗanda suka samu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Kalilu bai ci ba. Laure ta haye jarrabawar rubutu da ƙarfin lissafinta, aka kira ta intabiyu. Ni na raka ta, na tsaya a bakin taga. Mutumin ya tambaye ta sana'ar ubanta, tambayar da ke cikin kaset na biyu, wadda ƙaramin ɗan masara zai amsa yana wasa. Ta tsaya tana kallon bakinsa. Ya maimaita a hankali, don mutumin kirki ne. Ta juyo ta dube ni ta taga. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan rana ba.

Ranar Asabar na shiga mota na zo Birnin Kebbi nemanka, aka ce ka tafi wurin farfesanka. Na biya shagon kaset na su Madam Bisi a kasuwa don in sha ruwa. Ta tare ni da murna, tana tambayar yara. Da na ce mata har yau ajina bai ji muryarta ba, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Haba Malama! Ai tun kafin azumi Malam ya ce wanga aiki ya mutu. Shi da kanshi ya kawo sauran kaset ɗin, maigidana ya goge ya sa waƙoƙi. Bai gaya miki ba?"

Ita ta ba ni labarin da ya kamata in ji daga bakinka. Wai a taron nan mutum huɗu ko biyar ne suka zauna jin ƙasidarka, sauran duk sun cika ɗakin da ake maganar kwamfuta. Wai farfesanka ya ja ka gefe ya ce zamanin kaset ya wuce, babu mujallar da za ta buga, babu mai duba digiri da zai kalle shi. Ya ce yanzu ba a wahalar da kai da gwaji a aji, takardar tambayoyi ake rabawa a ji ra'ayin malamai kan kwamfuta, cikin wata uku an gama. Wai a makon da ka dawo ka canza taken bincikenka.

Daga nan na wuce kwalejinku, ban ma san me nake nema ba. Na tarar ana share wani ɗaki ana shafa masa fenti, wai na kwamfutar da aka ce tana hanya. Kayan da aka fitar suna jibge a baranda: majigi babu ƙwai, akwatunan rediyo, talabijin biyu da zanzaro ya yi gini a bayansu. Sai na tuna daren da kake nuna mini tsofaffin mujallunku kana dariya, kana cewa dubi, shekarun nan kowa majigi yake rubutawa, nan kowa rediyo, nan kowa talabijin, kamar yayin atamfa. Na taya ka dariya a lokacin. Ban yi tunanin cewa kowane ɗaya daga cikin kayan nan akwai wani aji a wani gari da aka ce wa ya jira ba.

Ban ga laifinka don ka canza take ba, mai neman abinci ba ya jayayya da mai rabo. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne layi biyun nan. Lokacin da ka rubuta kada in kunna tukuna, ka riga ka san babu awon da za ka zo yi. Rikodar tana ƙarƙashin gadona, da batir sabo a ciki, makonni suna wucewa, ni ina gadin abin da mai shi ya riga ya binne. Na doki ɗana a kansa. Na yi wa Malam Labbo rantsuwa a kansa. Me ya hana ka ce mini Baiwa, kunna?

Ba na son amsa ta hannun direba, amma na san ita zan samu.

Baiwa.

Argungu,
11 ga Satumba, 1988.

Maigidana Malam,

Ina gaishe ka, ina yi maka fatan lafiya, don har yanzu ba na so in ji wani abu ya same ka. Inno ta ce a gaishe ka, ba ta ƙara komai a kai ba.

Na karanta doguwar takardarka har sau uku. Ka ce kunya ce ta hana ka, ka kasa fuskantata ka ce aikin da na ɗauka a ka ya zama banza. Ka ce kana ta fatan farfesa zai sauko ya bar ka ka haɗa biyun, shi ya sa ka ce in dakata. Na yarda, don na san halinka, ba mugu ba ne kai. Na kuma yafe maka nawa. Na yaran kuwa ba ni da ikon yafewa, ba nawa ba ne.

Ga amsar saƙonninka. Takardun tambayoyi da ka aiko a raba wa malamai na raba. Malam Tamba ya cike tasa a tsaye, ya amince ƙwarai da kowace tambaya, sannan ya tambaye ni ko kwamfutar nan da batir take aiki. Sauran suka kwafi tasa. A cikinmu babu wanda ya taɓa ganin ta ko a hoto mai kyau, amma za ka sami sakamako mai daɗin karantawa. Tawa tana ciki ba a cike ba, kada ka nemi dalili.

Rikodar da ka ce ma'ajin kwaleji yana nema, ga ta nan a kwali. Na so in riƙe ta don 'yan aji shida na bana, amma ba tawa ba ce, kuma na san barandar da za ta.

Sai maganar gurbin da abokinka ya samar wa Kalilu a makarantar kwana. Na kwana biyu ina cewa ba zai je ba, ya zauna ya sha abin da 'yan ajinsa suka sha. Daga baya na ga in na hana shi, karo na biyu ke nan ina hana shi abu don in wanke kaina. Zai zo da motar Laraba da akwatinsa. Ba ya yi mini magana sosai tun ranar bargon nan, wataƙila kai zai yi maka. Amma ka sani duk unguwa ta san ɗan Malama ya ɗauki wake ya kuma tafi sakandare. Yanzu in zan je kasuwa ta bayan masallaci nake zagayawa, don kada in bi ta ƙofar Malam Labbo.

Sauran 'yan wake sun watse. Wasu suna fadama, wasu suna kwalekwale da iyayensu, biyu sun tafi garin Gulma koyon ɗinki. Na roƙi iyaye su bar su su maimaita aji, mutum ɗaya ne ya yarda. Da aka buɗe rajistar 'yan aji ɗaya, daga unguwar masunta ba a kawo mana ko yaro guda ba. Malam Labbo ya cire ƙannen Laure biyu. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Jiya da hantsi Laure ta shigo gidanmu da tiren kifi a ka, tallan uwarta take yi yanzu. Ta durƙusa ta gaishe da Inno, ta gaishe ni, har yanzu Malama take ce mini. Na sayi kifin da ba na bukata. Da za ta tashi sai ta kwance bakin zanenta, ta ciro wani abu ta ajiye mini a tafin hannu, ta ce, "Baba ya ce in maido ma Malam abinai." Ta ɗauki tirenta ta fita.

Wakenta ne. Ya yi baƙi don riƙo, ƙwaro ya huda shi gefe ɗaya. Kusan shekara guda tana ɗauke da shi tana jiran ranar da ka ce. Ba ni aka ce a ba ba, kai aka ce, don haka na naɗe shi a 'yar takarda na sa cikin ambulan ɗin nan. Ka buɗe a hankali kada ya faɗi.

Allah ya ba ka digirinka, ya sa ka ji daɗinsa.

Matarka,
Baiwa.